Makullai a Kunnen Hagu

Zuwa ga jikata Kunnen Zomo,

Gaisuwa mai yawa daga gida. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, kina cin abinci a zaune, ba irin cin da gwaggonki ta ce kina yi ba, a tsaye kamar mai jiran mota. Mu nan alhamdu lillahi. Gwiwa ce kawai take mulkina da safe, in ta ce zauna sai in zauna. Gwaggonki ƙalau take, sai dai ta koyi tafiyar kyanwa. Da can tun daga ƙofa nake jin tahowarta, yanzu ina zaune sai in ga mutum a kaina da kofin shayi. Na ce mata wata rana za ta sa in haɗiye kusa.

Kunshinki ya iso, ba abin da ya fashe. Hedifon biyu, ɗaya da jan zare a waya, ɗaya da baƙi. Tun kafin in karanta bayaninki na gane mai jan zaren. Ƙoƙunan katakon nan marigayi ubanki ne ya fafe su da hannunsa a kan bencin shagona, ga ma tabon da wuƙa ta zame a na dama. Na daɗe ina juya su. Mai baƙin zaren da kika sa aka kwaikwaya ya fi kyau a ido, amma ido ba shi da aiki a sana'armu.

Kin ce a akwatin mamarki kika tsinci na ubanki, cikinsa duk ya mutu, soso ya zama gari, ɓera ya cinye audugar, 'yar lasifikar ta yage. Kin sa sababbi, kina so in gaya miki wanne ya fi kusa da yadda yake a da, tunda shi bai rubuta komai ba, kuma ba wanda ya rage da ya taɓa sa shi a kunne sai ni. To na saurara. Kada ki ji haushi, duka biyun ba shi ba ne.

Mai jan zare ƙasansa, wato kaurin sauti, ya yi yawa, ganga tana kumbura kamar a cikin randa ake buga ta. Ciwon hedifon mai rufaffen baya ke nan: sauti ba shi da hanyar fita, sai ya doki katako ya dawo ya taka wanda ke tafe. Mai baƙin zare ya fi shi tsabta, murya tana zama a tsakiyar kai, amma kamar an rufe masa fuska da bargo. Sama, wato sirin sauti, babu.

Ga yadda nake gwaji. Ranar da ubanki ya gama shi, mun kafa makirufo biyu mun ɗauki shagon kansa a kaset. Fanka tana juyawa, ni na yi tari, ƙofa ta yi ƙara, ya shigo ta hagu yana kaɗa makullan shago a hannu, ya ce, "Baba, ka fara ɗauka?" Sai ya zauna ya ɗan taɓa jita. Da na saurara a nasa, sai da na waiwaya hagu, na ɗauka ya sake shigowa ne. Kowane makulli da muryarsa. Ba hedifon ɗin da ya taɓa sa ni waiwaye kafinsa ko bayansa. A naki biyun ƙofa tana ƙara, yana magana, amma hannunsa wayam. Makullai ba su zo ba.

Kaset ba zai bar ɗakin nan ba, kada ki ma fara. Kuma ki daina sa gwaggonki tana ɗora mini waya a kunne. Waya tana matse muryar mutum kamar an zuba ta a gwangwani, rabin maganarki ba na ganewa. Ki rubuto. Ban zauna a aji ba, ubanki ne ya koya mini baƙaƙe a jikin kaset don in daina haɗa na biki da na wa'azi, amma rubutun yana kai ni inda nake so.

Kakanki, mai gyaran rediyo.

*

Kaka, tsohon angona,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida gwiwa ita ma tunda ita ce da gari yanzu. Ni lafiya lau. Ka gaya wa Gwaggo ta daina kai ƙarata.

A wurin aiki na karanta takardarka. Da na zo wajen makullan nan sai da na fita na sha iska. Ban taɓa sanin akwai kaset ɗin ba. Ka san ban riƙe muryar Abba ba. Abin da na riƙe ƙamshin dalma ne a rigarsa, shi ma ban tabbata ba ko Mama ce ta ba ni labari.

Ka ce ido ba shi da aiki. To aikina kullum na ido ne. Muna da wani ɗaki da aka lulluɓe bangonsa da soso, a tsakiyarsa akwai kan roba mai kunnuwa biyu. Muna sa masa hedifon, a saki sauti tun daga mai kauri har zuwa siriri, na'ura ta zana layi: inda ya yi tudu sauti ya yi yawa, inda ya yi kwari ya yi kaɗan. Kan robar nan ba ya gajiya kuma ba ya gardama, ba kamar wasu ba. Aibinsa ɗaya ne, bai san Abba ba. Shi ya sa na dawo gare ka.

Bargon da ka ce ne ya ɗaure mini kai. A awona mai baƙin zare samansa ya isa, har ina tsoron ya yi yawa. Amma kai ka ji na asali, ni ban ji ba. Ga auduga da ulu da ƙyallaye, ga kuma matashin da ke zagaye kunne, wanda kake ce wa gammo, na fata da na yadi. Ka buɗe mai baƙin zaren ka yi yadda ka ga dama da shi har makullai su fito, sai ka dawo mini da shi in auna, in kwafe aikinka a cikin na Abba. Mai jan zaren ka bar shi a rufe, don Allah.

Ko kwafin kaset ɗin ba za a samu ba? Tambaya ce kawai, kada ka ɗaga sanda.

Jikarka da ba ta fasa aurenka ba.

*

Kunnen Zomo,

Bayan gaisuwa, muna nan yadda kika san mu. An yi ruwa, gwiwa ta riga kowa sani. Ki gaida mini kan roba, ki ce in ya isa ya yi tari a kaset.

Kwafi ba zai yiwu ba. Duk kaset ɗin da aka kwafa samansa ne yake fara zubewa, makullan kuwa a sama suke.

Na share benci na fito da kayan aiki. Da auduga na fara. Ubanki yakan ce auduga a bayan lasifika kamar gishiri ce a miya, ke kuma kin cusa ta kamar mai ɗinka filo. Na riƙa tsinko ta kaɗan-kaɗan, in rufe, in ɗaure kusoshi, in mayar da kaset baya, in saurara. Ƙasa ya fara kumbura, na toshe rabin 'yar hudar iskan nan ta jikin ƙoƙo da kakin zuma, ya kwanta. Sama bai motsa ba. Na cire ƙyallen da ke gaban lasifika, na cire na bayansa, ta zauna tsirara. Na kai gammon wurin mai gyaran takalman layinmu ya rage masa kauri don lasifika ta matso kusa da kunne. Ya juya shi ya ce, "Tsoho, wannan takalmin na wace ƙafa ne?" Na ce na wanda ya fi ka ji. A ƙarshe na yanko murfin gwangwanin madara na liƙa a cikin ƙoƙon, don sauti ya sami abu mai tauri ya doka.

Yanzu zan iya cewa na ji inuwarsu. Ba su fito ba, amma daidai wurin, bayan ƙarar ƙofa, akwai wani abu da ke motsi. Wuni nake ina mayar da wurin nan baya, tun hantsi har gwaggonki ta zo ta tsaya a gabana da tire.

Na ɗora mata shi a kai don ta zama shaida. Ta fizge ta ce, "Baba, wannan ai allura ce. Kai ba ya huda maka kai?" Na ce ke da ba ki bambanta rediyo da injin niƙa. Ta ce to Allah ya ba da sa'a, ta fice ba ko motsi.

Ƙorafi ɗaya nake da shi. Lasifikun da kika sa suna fito. Siririn fito ne kamar na buta a nesa, ba ya tsayawa ko a inda kaset ya yi shiru. Duka biyun suna yi, ya fi yawa a dama. Na sake liƙe wayoyin da dalma, na canza amfilifaya mai ƙara sauti, yana nan daram. Duk wanda ya sayar miki da su ya ga yarinta a fuskarki.

Ga mai baƙin zaren na dawo da shi. Ki auna. Mun kusa.

Kakanki.

*

Kaka,

Barka da ƙoƙari, ina fata jiki da sauƙi. Ka gaida Gwaggo.

Ya iso. Na saurara, na kai shi ɗakin awo, na kuma roƙi wani abokin aikina mai kyan kunne shi ma ya saurara. Fiton da ka ce ban same shi ba. Akwai maganar da nake so mu yi, amma ba ta takarda ba ce. Ka daure ka karɓi waya in Gwaggo ta miƙo maka. Kafin nan ka dakata da aikin, kada ka buɗe mai jan zare, in da hali ma ka dawo mini da shi.

Ka huta, Kaka. Ka yi ƙoƙari.

Jikarka.

*

Zuwa ga jikata,

Gaisuwa. Muna lafiya, tunda ba ki tsaya tambaya sosai ba.

Na bar takardarki ta kwana biyu a ƙarƙashin filo ko za ta canza magana, ba ta canza ba. "Ka yi ƙoƙari." Abin da ake gaya wa wanda ya zo na ƙarshe a tsere ke nan. Kin sami mai kyan kunne. Madalla. Ki tambaye shi ta wace ƙofa ubanki yake shiga shago. Ki tambaye shi wace waƙa yake taɓawa in aiki ya ƙi masa. In ya sani, sai ki ba shi kujerata.

Akwatin da ke ƙarƙashin gadona cike yake da mutanen gidan nan a kaset. Kakarki tana faɗa da mai kawo ruwa, ƙanena yana ba da labarin ƙarya yana dariya, ke kanki kina kukan jarirai. Duk wanda ya tafi, muryarsa a wurina ta sauka, ni ne mai masaukinsu. Shekarun da na yi ina gwada lasifika sun fi shekarunki da na mai kyan kunnen in an haɗa. Ban taɓa mayar wa mutum rediyonsa ya dawo ya ce ban ji ciwonsa ba. Yau an wayi gari ana ce mini in huta.

Kina tsoron in lalata katakon ɗana. Ni na saya masa wuƙar da ya fafe shi. Ga shi nan na naɗe miki a cikin tawul, ko kusa ɗaya ban kwance ba, ki sa kan roba ya ƙirga.

Waya kuma ba zan karɓa ba. Mai magana ya rubuta ta inda za a iya sake dubawa.

Kakanki.

*

Kaka,

Ina gaishe ka, ina neman gafara. Na rubuto ba amsa, na sake ba amsa. Gwaggo ta ce kana nan lafiya, sai dai ba ka fitowa tsakar gida, ƙofa a rufe, kai da kaset. Ta ce in daina kewaye-kewaye. To ga maganar a takarda, yadda ka ce.

Ban ba kowa kujerarka ba. Na kira abokin aikina ne don ina fatan kunnena ne ya yi ƙarya. Da na sa hedifon ɗin da ka gyara, ban iya barin shi a kaina ba. Shi ma haka, ya cire yana mutsuka kunne. A awo layinsa ya tafi daidai a ƙasa da tsakiya, aikinka a wurin ya fi nawa, ƙasan nan da ka kwantar da kakin zuma har na kwafa. Amma daga inda sirin sauti ya fara, layin ya miƙe sama kamar katanga. Fito kuma babu shi a lasifikun, na bar su a ɗakin awo cikin shiru, na'ura ba ta ji komai ba.

Kaka, ba bargo a kan hedifon ɗin. Ina ganin a kunnenka yake. Duk abin da ka ƙara a sama, abin da kunnenka ya rasa ne kake ciko. Na san kunne ya girmi kaka, amma shi ma yana tsufa.

Ka karanta sauran kafin ka yaga. In haka ne, ba mu yi asara ba. Ka je asibiti a auna kunnenka, su ba ka takardar da ke nuna nawa ya ragu a kowane mataki. Sai in ɗauki layin hedifon ɗinka in cire wannan ragin. Abin da ya saura shi ne sautin da ke cikin kanka, na Abba. Abin da ka riƙe bai tsufa ba, hanyar fito da shi ce ta toshe. Ni zan iya lissafin, amma sai ka ba ni takardar.

In ka ga na yi rashin kunya, ka zage ni a rubuce. Ya fi mini shirun nan.

Kunnen Zomo.

*

Kunnen Zomo,

Sallama da gaisuwa. Kin ji ni shiru, ba ciwo ba ne. Gwiwa tana nan, gwaggonki tana nan.

Ban yaga takardarki ba, amma na yi niyyar ƙaryata ki. Na ciro tsohon hedifon ɗin shago, wanda na yi aiki da shi tun kafin a haife ki, na ce wannan dai ban taɓa jin ya yi fito ba. Bayan azahar na sa shi na zauna. Fito ya zo, irin wancan sak, ya fi yawa a dama. Na sunkuya zan rage amfilifaya, sai na ga kan wayar a ƙasa kusa da ƙafata. Ban ma soka shi ba. Na cire hedifon ɗin na ajiye a cinya. Fiton bai tafi ba, ashe ƙarar fanka ce take rufe mini shi. Hedifon mai rufaffen baya ya kore fanka ya bar ni da kaina.

Ban gaya wa kowa ba sai da aka kwana biyu. Sannan na ce wa gwaggonki ta nemo mota.

Sun sa ni a wani ɗan ɗaki kamar akwati mai taga ta gilashi. Mai awon yarinya ce, ba za ta girme ki ba. Ta ɗora mini hedifon da gammonsa duk ya tsattsage, na ce mata wannan yana zubar da ƙasa, a canza shi. Ta yi dariya ta ce za ta gaya wa manya. Ta ba ni wani maɓalli ta ce duk sanda na ji sauti in danna. Masu kaurin na danna su tun kafin su gama fitowa, ina kallon ta ina jin daɗi. Suka fara sirancewa, na fara jinkiri. Can sai shiru. Na jira, na jira. Na ƙwanƙwasa gilashi na ce, "'Yata, na'urarki ta tsaya." Ta buɗe ƙofa ta matso kusa da fuskata ta ce, "Baba, tana yi. Na ƙure ta."

Ta ce shekaru ne, da kuma lasifikun da na yi ta kara kunne a jikinsu. Ta ce akwai abin da za a maƙala mini in riƙa jin magana sosai. Na ce makullai fa? Ba ta gane ba, gwaggonki ta yi mata bayani. Ta ce wannan kam sai haƙuri. Fiton ma ta ce ya zo ke nan, sai dai a saba.

Ga takardar. Layin yana gangarowa kamar hanyar rafi, daga nan sai wasu 'yan kibau masu kallon ƙasa. Ta ce ma'anarsu an nema ba a samu ba. Ke kika san lissafi.

Ga kaset ɗin kuma, a cikin safar hannu. Ba shi da amfani a ɗakin da ba a jin sa. Bayan tarina ki kasa kunne hagu.

Kakanki.

*

Kaka,

Na gode, Allah ya ƙara girma. Na san abin da tafiyar nan ta ci maka. Ka karɓi abin da za a maƙala maka, ko don Gwaggo ta huta da ɗaga murya.

Zan faɗa maka yadda yake. Lissafin ya yi har zuwa inda kibau suka fara. Ƙasa da tsakiya na samu, na sa a cikin na Abba, murya tana zama a tsakiyar kai yadda ka ce. Daga kibau zuwa sama ba abin da zan cire, don ba a cire abu daga inda ba awo. Wurin da na Abba ya bambanta da na kowa, a nan yake.

Sai na ce to kaset zai nuna mini. Na wanke na'ura, na kunna shi sau ɗaya ina kwafewa a kwamfuta. Na ji fanka. Na ji tarinka, bai canza ba. Na ji shi, Kaka. Muryarsa ta fi yadda na zata siranta, kuma yana jan "Baba" kamar yadda nake ja. Ban san daga wurinsa na samo ba. Jitar kam ban ji ta sosai ba, sai daga baya.

Amma daga ƙarar ƙofa zuwa maganarsa, sautin ya dushe kamar an sa hannu an rufe. Na ciro zaren kaset ɗin na duba a haske. Wurin ya goge, ya yi ƙyalli, har ana hango yatsa ta bayansa. Na gwada duk hedifon ɗin da ke wurin aikinmu, na duba a allo. Sai huci kawai. Makullan ba sa nan.

Ni na sa ka wannan aikin. Da na bar ka da kaset ɗinka a akwati, da suna nan.

Jikarka.

*

Kunnen Zomo, jikata,

Gaisuwa, da fatan kin share hawaye kin ci abinci. Mu nan sai godiya. An maƙala mini abin. Yanzu ina jin duk abin da gwaggonki take faɗi a kaina, ashe da ma ba yabo ba ne.

Kada ki ɗauki laifin da ba naki ba. Yatsana ne a kan maɓallin mayarwa. Ni da nake hana mutane maimaita wuri ɗaya a kaset, na zauna ina goge shi wuni-wuni, ina neman abin da yake nan yana ƙara a kunnena.

Wani abu kuma ya fi wannan, gara ki sani don kada ki ƙara dogara da ni. Kin ce abin da na riƙe bai tsufa ba. Jiya na rufe ido na kira ranar nan. Fanka ta zo, tari ya zo, ƙofa ta yi ƙara, ya shigo ya ce, "Baba, ka fara ɗauka?" Hannunsa wayam. Na sake kira, haka. Na ji shi sau da yawa babu su, har na ciki ma ya koyi zuwa babu su. Na san na waiwaya a ranar. Abin da ya sa ni waiwayen ne ba na iya jiyowa. Saboda haka in kin ƙara turo mini biyu ki ce in zaɓa, ƙarya zan yi miki. Sautin da ubanki ya gina ya tafi, ba a kaset, ba a katako, ba a wurina.

Na karanta wa gwaggonki takardarki. Ta ce, "Wai duk wahalar nan a kan makullan shago na Yaya ne?" Ta ɗaga gefen rigarta ta kwanto wani abu daga ƙugu ta ajiye a kan benci. Zoben ƙarfen nan ne da ya lanƙwasa da filaya, da dogon makullin ƙofar gaba, da na akwatin kayan aiki, da ɗan ƙaramin da har ya rasu ban san abin da yake buɗewa ba. Ta ce tun ranar da aka rufe shagon suke jikinta, na ɗakin ajiya kawai ta ƙara a kai. Na ce to me ya sa kika daina yawo da su? Ta ce, "Baba, yaushe na daina? Maƙwabta ma suna sanin na taso. Kai ne kake ce mini kyanwa."

Ta cire nata ta bar miki na ubanki. Ba ta so ba, amma ta bari. Ki kira ta ki yi mata godiya.

Abin da ya rage a hannuna in ba ki shi ne yadda yake aiki, wannan kam da ido na gani. Ba ya gwada hedifon da wani hedifon. Yakan sa a kaɗa masa abu a ɗaki ya saurara da kunnensa, sannan ya ɗauka a kaset ya saurara a ƙoƙo, ya buɗe, ya tsinki auduga, ya rufe, har ya kasa bambanta su. Ki sa mai kyan kunnen nan ya shigo ta ƙofar hagu yana kaɗa su, hannu a ƙasa, ba da ƙarfi ba, kamar wanda bai san yana yi ba. Ki ɗauka. Ki yi ta buɗewa kina rufewa har ranar da za ki waiwaya. Ba zan iya ce miki na ubanki ke nan ba, kuma ba wanda zai iya. In ranar ta zo ki rubuto mini kawai ki ce kin waiwaya.

Suna cikin tsummar da ke ƙasan kwalin, ki kula da ƙaramin, zoben ya saki a wajensa. Kafin in naɗe su na rufe ƙofa, na kashe fanka, na ɗaga su daidai kunnen hagu na kaɗa. Na ga suna motsi.

Kakanki.